Tambayoyin Masu Karatu: Wace Rigar Ruwa Ta Dace da Mai Shiga Teku Idan Kuɗi Kaɗan Ne?

Tambaya daga wata uwa a Nima, Accra: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana na fari ya samu aiki a wani jirgin kamun kifi da ke tashi daga Tema, kuma an gaya masa cewa kowane ma'aikaci shi zai zo da rigar ruwansa. Na shiga kasuwar Kantamanto na ga wata rigar gwanjo 'yar ƙasar waje, mai suna, marar nauyi, da ka gan ta sai ka ce sabuwa ce. Na kuma ga irin ta leda wadda 'yan okada ke sawa, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Wani maƙwabcinmu kuwa ya ce in rabu da su duka biyun, in je shagunan da ke kusa da tashar masunta ta Tema in sayi mai kauri ruwan ɗorawa. Kuɗin da ke hannuna na adashe ne, ba ni da halin yin sayayya sau biyu. Wacce zan saya masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya kai yaron lafiya ya dawo miki da shi lafiya. Maƙwabcinki ya fi kusa da gaskiya, amma ba na so ki ɗauki shawarar ido rufe, domin ko a cikin masu kaurin akwai na kirki akwai na banza, kuma idan kika san dalili ba mai shagon da zai yi miki daɗin baki.

Ruwan da ke jiƙa mai tafiya a kan titin Nima daga sama kaɗai yake zuwa, kuma ba a daɗe ba mutum ya samu rumfa ya fake. Na teku kuwa ta ko'ina yake zuwa. Akwai na sama, akwai feshin igiyar ruwa da iska ke kwasowa ta watsa wa mutum ta gefe, akwai wanda ke kwance a cikin jirgi inda zai durƙusa ko ya zauna, sannan akwai wanda ke gangarowa ta hannu har hamata duk lokacin da ya ɗaga hannuwa yana jan taru. Ga gishiri, ga yauƙin kifi, ga man inji, ga igiya da ƙugiya masu goge duk abin da suka taɓa. Babu kuma inda za a fake, sai aiki ya ƙare.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka cewa tun da Ghana ƙasar zafi ce, jiƙewa a teku ba wani abu ba ne. Ba haka abin yake ba. Babbar daminar Accra tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ta fi ƙarfi a watan Yuni, kuma da zarar ta fara ja da baya, daga Yuli zuwa Satumba, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙarƙashin teku zuwa sama, zafin saman tekun ya sauka ƙasa da digiri 25. Wannan ruwan sanyin shi ne ke kawo ƙananan kifaye da yawa, saboda haka lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da dare ya fi sanyi. Ruwa yana janye ɗumin jiki da sauri fiye da iska kimanin sau 25. Yaron da ya jiƙe da tsakar dare, iska tana kaɗa shi har asuba, zai kama rawar ɗari, yatsunsa su sandare, kuma hannun da ya sandare shi ne ke sakin igiya a lokacin da bai kamata ba.

To, bari mu ɗauki rigunan nan uku da kika ambata. Ta 'yan okada ba sai na daɗe a kanta ba. An yi ta ne don wanda zai zauna wuri guda a kan babur na ɗan lokaci, ledarta siririya ce, ɗinkinta na zare ne kawai, kuma ranar farko da ƙugiya ko bakin kwandon kifi ya kama ta za ta yage. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan ma ba ta aiki.

Ta gwanjon nan mai suna ita ce ta fi ruɗar mutane, kuma ni kaina ta taɓa ruɗa ni. Irin waɗannan riguna, masu yadin Gore-Tex da makamantansa, suna da wata siririyar fata a tsakanin yadin waje da na ciki, mai ƙananan ramukan da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin zufa yana fita. Tun cikin shekarun 1970 aka fara sayar da irin wannan yadi, kuma idan rigar sabuwa ce abin sha'awa ne, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin adashe. Matsalar ita ce, wadda ta iso Kantamanto a cikin dila yawanci mai ita na farko ya riga ya ci amfaninta. Maganin da aka fesa a bayanta don ruwa ya riƙa gangarewa ya wanke, siririyar fatar ta fara rabuwa da yadi a wuya da kafaɗu, sannan tef ɗin da aka manna a kan ɗinki ta ciki ya fara ɗagowa. Duk wannan ba a ganinsa daga waje. Wata shekara na sayi irinta da murna, na sa ta a cikin kwale-kwale a kan kogin Volta wajen Ada, hadari ya same mu, kafin mu kai gaɓa ruwa ya bi ta kafaɗa ya jiƙa mini baya sharkaf. Da na juya cikinta a gida sai na ga tef ɗin yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ko da ma lafiyarta ƙalau, ba ta dace da aikin kifi ba, domin mai da yauƙin kifi suna toshe ramukan nan, kuma a iskarmu mai laima tururin zufar ba ya samun hanyar fita sosai kamar yadda yake samu a ƙasashen sanyi. Wato za ki biya kuɗin wata fa'ida da yaron ba zai more ta ba.

Ta ukun, mai kauri, yadi ne na foliyesta ko auduga da aka lulluɓe da robar PVC. Jikar tsohuwar rigar matuƙan jiragen ruwa ce. A da can suna shafa wa yadin filafilan jirgi man 'ya'yan kitani su ɗinka riga da shi; a 1823 Charles Macintosh na Sikotland ya yi rajistar dabarar haɗa yadi biyu da roba a tsakani; a 1877 wani kyaftin ɗin jirgi ɗan Norwe mai suna Helly Hansen ya fara sana'ar kayan ruwa na masu teku, kuma har yau kamfanin yana ɗauke da sunansa. Abin da ya kamata ki lura da shi shi ne, masuntan Norwe da Faransa, waɗanda ke aiki a tekun da ya fi namu sanyi da hauka, kuma suna da kuɗin sayen duk rigar da suka ga dama, har gobe mai robar nan suke sawa idan za su ja taru. Ba ta shan ruwa, man inji bai cika damunta ba, ana wanke ta da bokitin ruwa, idan ta huje kuma ana yi mata faci. Aibinta biyu ne: tana da nauyi, kuma tana tara zufa. Za mu zo kan maganin zufar.

Idan kin je shagon, ki bar kallon suna da launi tukuna, ki juya rigar ki dubi cikinta, domin ruwa ba ta tsakiyar yadi yake shiga ba, ta mahaɗa yake shiga. Duk inda allura ta ratsa ta bar rami. Rigar PVC ta ƙwarai ba a dogara da zare wajen haɗa ta, ana narkar da gefen robar ne a manne su su zama abu ɗaya, sai ki ga mahaɗar a shafe, mai faɗi kamar ɗan yatsa, babu ramin allura. Ki kama gefe da gefe ki ja da ƙarfi. Idan ta fara buɗewa ko ta yi fari, ki ajiye. Idan kuma ɗinkin zare ne, to dole a ga tef a manne a kansa daga farko har ƙarshe, musamman a kafaɗu, da inda hula ta haɗu da wuya, da tsakanin cinyoyin wando. Ki naɗe wani sashe na yadin ki matse ki sake shi: robar da ta daɗe a ajiye cikin zafi takan yi tauri ta tsage, ko ta yi danƙo tana kama hannu, kuma duka biyun alamar ta mutu ce. Ki ɗaga ta sama ki kalli rana ta cikinta, ƙananan huji za su nuna kansu. Idan mai shagon ya yarda, ki lotsa kafaɗar kamar ƙoƙo ki zuba ruwan leda ɗaya a kan mahaɗar, ki jira 'yan mintoci ki shafa ƙasan. Wanda ya amince da kayansa ba zai hana ba, wanda ya hana kuma ya riga ya ba ki amsa.

A wasu rigunan za ki ga lamba kamar 5,000 mm ko 10,000 mm a jikin takardar. Ma'anarta tsawon ruwan da za a tara a cikin bututu a kan yadin kafin ya fara tsatsafowa. Daga 1,500 mm ake fara cewa yadi yana hana ruwa, amma wannan na yayyafi ne. Wanda zai durƙusa ko ya zauna a cikin ruwa, nauyin jikinsa yana matse ruwan cikin yadi, saboda haka ya nemi 10,000 mm ko sama. Lambar tana magana ne a kan yadi lokacin da yake sabo, ba ta san halin da ɗinki yake ciki ba, shi ya sa a kayan gwanjo ba na ba ta muhimmanci.

Wani abin da masu sayen farko ke mantawa shi ne wando. Idan kuɗin ba zai kai ga masu kyau biyu ba, ni a ganina wando ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, domin shi ke shan gugar taru da gefen jirgi, shi ake durƙusawa da shi. A nemi mai tsawo har ƙirji, mai igiyoyin rataya a kafaɗa, wanda aka ninka yadinsa a gwiwa da mazaunai. Mai tsayawa a ƙugu, da zarar mutum ya sunkuya riga ta ɗage, ruwa ya samu ƙofa ta baya. Ƙafar wandon kuma a kan takalmi take sauka, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba duk abin da ya gangaro cikin takalmin zai taru.

Ita rigar, wadda ake zurawa ta kai, marar tsaga a gaba, ta fi hana ruwa kuma sau da yawa ta fi araha, tun da ba ta da zif ɗin da zai lalace. Idan mai zif ce, ya kasance na roba mai manyan haƙora, da marfi a kansa, domin na ƙarfe gishiri yana cinye shi cikin 'yan makonni. Wuyan hannu ya zama mai kamewa, hula mai igiyar ɗaurewa wadda ba ta rufe ganin gefe, kuma kada a yi kwaɗayin yawan aljihu da igiyoyi masu reto, saboda su ne taru ke kamawa ya ja mutum. Launin ɗorawa da maƙwabcinki ya ambata, ko na lemo, ba kwalliya ba ce. Wanda ya faɗa teku da baƙar riga ko shuɗiya, kansa kaɗai ke sama, da wuya a hango shi ko da rana. Idan an samu mai ɗauke da tef mai ƙyalli a kafaɗa da hula, wanda ke haskawa idan an dalle shi da tocila, ya fi. Ki tafi da yaron ya gwada da kansa, ya ɗaga hannuwa, ya tsuguna, ya sunkuya. Sayen kayan aiki ba tare da mai sawa ba cinikin biri a sama ne.

Maganar zufa kuwa, maganinta yana cikin abin da aka sa a ƙarƙashi, kuma a nan ne Kantamanto za ta yi miki rana. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki ta sanyaya shi, don haka singileti da wandon jins ba kayan teku ba ne. Ki saya masa rigunan 'yan ƙwallo na foliyesta masu dogon hannu guda biyu ko uku, da rigar sanyi mai laushi ta foliyesta ko ta ulu guda ɗaya don dare, waɗanda duk ana samunsu da araha a gwanjo kuma tsufa ba ya rage musu amfani. Ya ajiye busasshen saiti ɗaya a cikin leda mai kauri a ɗaure. Takalmin roba ya zama mai ƙasa marar santsi, ya ɗan fi ƙafarsa girma yadda zai iya fizge shi idan ya tsinci kansa a ruwa.

Sai abin da ya fi duk waɗannan. Ki tambayi yaron ko jirgin yana da rigar ceto ga kowane ma'aikaci, kuma ya gan ta da idonsa. Rigar ruwa ba ta ɗaga mutum. Idan ma ta cika da ruwa, wahalar iyo da ta hawa jirgi take ƙarawa. Rigar ceto a saman rigar ruwa ake sa ta, saboda haka a yi gwajin girman da wannan a zuciya.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Aboabo, Kumasi: Malam, ni sana'ata sarin busasshen kifi. Nakan je Yeji, wani lokaci in shiga jirgin katako mai inji zuwa ƙauyukan da ke bakin tafkin Volta. Sau biyu hadari yana riskarmu a tsakiyar ruwa, muka lulluɓa da tamfol. Shin ni ma sai na sayi kayan masunta masu nauyin nan?

Amsa: A'a, Hajiya, buƙatarki daban ce, domin ke fasinja ce, ba kya jan taru, kuma ruwan tafki ba shi da gishiri. Riga marar nauyi mai rufin foliyuretan, wadda ake rubuta wa PU a takardarta, ta ishe ki, muddin mahaɗanta a manne suke ko suna da tef. Tana da laushi, tana naɗuwa ta shiga jaka, kuma ba ta da tsada. Ki zaɓi mai sauka zuwa cinya ko gwiwa, wadda za ta hau kan kayanki ba tare da ta matse ki ba.

Amma ki ba ni dama in juya tambayar, domin a tafkin Volta jiƙewa ce ƙaramar damuwa. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya mamaye dazuzzuka, kuma har yau kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙarƙashi. Idan aka haɗa su da iskar da ke tasowa farat ɗaya a gaban hadari, da lodin da ya wuce kima, su ne musabbabin yawancin haɗurran da muke ji a wannan tafki. Saboda haka kuɗinki na farko rigar ceto ya kamata su saya, taki ta kanki, wadda za ki riƙa tafiya da ita. A jikinta akwai lamba da harafin N da ke nuna ƙarfin ɗagawarta. Mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yana kusa da gaɓa. Ke ki nemi 100N ko sama, mai tudu a bayan wuya da ke tallafe kai, mai madauri masu ƙarfi da usur. Ki matsa soson cikinta, idan ya lotse bai dawo ba ko yana marmashewa, ta tsufa. Kuma a sa ta a ɗaure tun kafin jirgi ya tashi, domin lokacin da jirgi ya karkata babu mai sararin laluben jaka.

Lulluɓa da tamfol ɗin nan kuwa, ina roƙonki ki daina. Iska tana cika shi ta rinjayi jirgi, kuma idan aka kife, mutanen da ke ƙarƙashinsa sukan rasa ta inda za su fito. Haka ma babbar rigar ledan nan marar hannu da ake zurawa ta kai. Game da sutura, dogon hijabi da zani mai faɗi suna naɗe ƙafa da hannu a cikin ruwa. Ranar tafiya ki sa wando a ƙarƙashin zani, ki zaɓi hijabi madaidaici ki cusa shi cikin rigar ruwan, rigar ceto ta hau sama. Sutura ta cika, kuma gaɓoɓi suna sake. Idan kin ga gabas ta haɗe ta yi baƙi kafin a tashi, ki haƙura da wannan jirgin ko da kifin zai kwana.

Tambaya daga wani matashi a Sabon Zango, Accra: Ranka ya daɗe, ina bin kwale-kwalen wasu abokaina daga Jamestown. Rigar robata ba ta shekara ba, amma ta fara ɗoyi, ta yi baƙaƙen ɗigo a ciki, kuma ta huje a gwiwar hannu. In jefar ko tana gyaruwa?

Amsa: Tana gyaruwa, ɗana, kuma ina zargin cewa dunƙule ta kake yi ka jefa cikin buhu da zarar kun sauka. Baƙaƙen ɗigon nan fumfuna ce, laima da yauƙin kifi ke ciyar da ita. Duk ranar da kuka dawo ka ɗauraye rigar ciki da waje da ruwan famfo, domin gishirin da ya bushe a jikinta yana jawo laima kuma yana cin maɓallai. Ka wanke da sabulun wanki na sanda da soso mai laushi, ban da bilic, ban da fetur ko kananzir, waɗanda ke busar da roba su sa ta tsage. Ka juya cikinta waje ka rataye a inuwa inda iska ke ratsawa. Shanya a kan kwanon rufi da tsakar rana ko kusa da murhun banda yana kashe ta da wuri. Ranar Talata da masuntan Ga ba sa fita teku, rana ce mai kyau ta yi mata wanki sosai a bar ta ta bushe.

Hujin kuma kada ka kai wa tela, allurarsa sabbin ramuka za ta ƙara. Ka yanko ƙyallen PVC daga tsohuwar riga ko tamfol mai irin robar, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, ya zarce hujin da kamar faɗin yatsa biyu ta kowane gefe. Ka wanke wurin ya bushe sarai, ka shafa gam ɗin da aka yi don PVC mai laushi a fuska biyun, irin wanda masu gyaran tamfol ke aiki da shi, ka bari ya ɗan sha iska, sannan ka manna ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Tun da a gwiwar hannu ne, wurin da ke lanƙwasa kullum, ka yi facin ciki da waje. Gam ɗin nan mai kamawa nan take ba ya yi, domin yana ƙandarewa ya karye a lanƙwasar farko. Idan kuwa ka ga robar ta fara tsattsagewa a wurare da yawa ko tana ɓarewa daga yadin, faci ba zai riƙe ba. Ka nemi sabuwa, ka ajiye tsohuwar ka riƙa yankar ƙyallen faci a jikinta.